Wanke inji da canjin salansa a tsohuwar Corolla

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 1994, mai inji 4A-FE, lita 1.6, silinda huɗu, bawul 16, cikin irin waɗanda suka shigo mana ta Kwatano bayan sun ci ƙuruciyarsu a Turai. Ƙorafi uku aka kawo ta da su garaji a nan Maradi. Tana ruri daga ƙarƙashi kamar janareto, tana shan esansi fiye da yadda ta saba, kuma in an ɗauki hanyar Ɗan Isa aka taka ta wuce kilomita 90 a awa sai ta yi nauyi kamar ana jan ta da igiya. Mai ita babbar salansa ya nema. Na ce masa: "Alhaji, salansa ita ce ƙarshe. Abin da ke fita ta bututun nan a cikin inji ake dafa shi." Inji mai ƙona baƙin mai ko mai zuba esansi fiye da kima, ko sabuwar salansa ka sa masa, shi zai kashe ta kamar yadda ya kashe ta farko.

Da safe na fara, injin yana sanyi, domin tsagewar ƙarfe ta fi magana kafin ya yi zafi ya kumbura ya rufe ta. Da aka tayar, sai ga tas-tas daga gaban inji, wurin kwalekta, wato tukunyar ƙarfen da ke tara hayaƙin silinda huɗun zuwa bututu ɗaya. Yaro ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ni kuma na bi layin da bayan hannu ba tare da na taɓa ba. Iska tana fita wuri uku: tsakanin silinda ta biyu da ta uku a jikin kwalekta, wurin wata tsohuwar walda ƙarƙashin inji, da ɗinkin tukunyar baya. Duk inda hayaƙi ke tserewa yana barin baƙin tabo, ko babu ƙara za ka gan shi.

Sai na tambayi kwamfutar motar. Waɗannan tsofaffin Toyota ba sa buƙatar na'ura. Akwai ƙaramin akwatin gwaji a ɗakin inji. Ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji a dashbod za ta yi ƙiftawa. Ta ƙifta biyu, ta tsaya, ta ƙifta ɗaya. Lamba 21 ke nan, ta na'urar auna iskar oksijin da ke jikin hanyar hayaƙi. Nan aka gane shan man. Tsagar kwalekta ba fitar da hayaƙi kaɗai take yi ba, tana kuma zuƙo iskar waje tsakanin bugu da bugu. Na'urar ta ga iska ta yi yawa, ta gaya wa kwamfuta mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Ragowar esansin da bai ƙone ba ya bi bututu ya je ya ƙone a cikin katalizo, tukunyar da ke tace gubar hayaƙi kafin ya kai salansa.

Kafin a kashe ko dala a kan motar, na auna matsin silinda. Inji da zafi, buji huɗu a waje, fis ɗin EFI mai kula da feshin esansi a cire, totur a take har ƙasa. Na samu 12, 12, 11.5 da 12 a ma'aunin bar. A wannan inji sabo yana ba da kamar 13.5, ba a son ya sauka ƙasa da 10, kuma kada bambancin silinda da ƴar'uwarta ya wuce 1. Zoben fistin da bawul suna da sauran rai ke nan. Da na ga 8 a wata silinda, da maganar wanki da salansa ta tsaya sai an buɗe kan inji.

Wankin waje shi ne wanda kowa ke ganin ya iya, shi ne kuma ke mayar da mota garaji a kan igiya. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa. Kwalekta ƙarfen zubi ce, kan inji kuma alminiyom, sanyin farat ɗaya yana tsaga su. Na bari ya huce har ina iya ɗora tafin hannu in bar shi. Na cire igiyar batir ta ragi. Na ɗaure delko, mai raba wa buji wuta, da leda biyu, domin a wannan inji kwayil tana cikinsa, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya hana wuta. Altanato, akwatin fis, bakin shan iska da akwatin gwajin nan duk sun sha leda da roba.

Dattin injin Maradi ba mai kaɗai ba ne. Mai ne da ya yoyo, ƙurar hunturu ta hau kansa, zafin bazara ya gasa, shekara a kan shekara, har ya zama kamar daɓen ɗaki. Da katako mai faɗin baki na kankare mai kaurin, ba da sukudireba ba, kada a huda tiyo ko a yanke waya. Sannan kananzir kamar lita ɗaya da rabi da buroshin fenti, a shafa a bari minti goma, a sake gogewa. Gazuwal ma yana yi, sai dai yana barin maiƙo mai kama ƙura. Esansi kuwa ban yarda a kawo shi kusa ba, ko da yara sun fi son sa don yana saurin yi; tururinsa yana kwanciya a rami, tartsatsi ɗaya daga mai walda na gefe ya wadatar. Bayan kananzir, ruwan omo mai ɗumi, sannan ɗauraya da buta ko tiyo marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin soket da bayan murfin bel ɗin taimin, kuma wannan bel ba ya shiri da kananzir ko mai. Gefen nan da tsumma kawai na goge shi.

Na busa iska a kowane soket da cikin ramukan buji, na bar bonet a buɗe awa biyu a rana. Amfanin wankin ba ƙyalli ba ne. Da aka tayar na minti goma sha biyar, busasshen inji ya nuna inda yake zubarwa: gaskit ɗin murfin sama, da zoben robar da ke gindin delko. A da duk injin baƙi ne, ba mai iya cewa daga ina.

Noti huɗu ke riƙe da murfin sama. Da na ɗaga shi na ga abin da nake tsammani: laka baƙa mai kauri a kusurwoyi, jikin kamshaf ya yi ruwan goro. Wannan aikin jinkirin bidanji ne, wato canjin baƙin mai, da man kwalba na bakin hanya da ba a san asalinsa ba. A nan ne mutane ke kuskure mafi tsada. Wasu su juye mai su cika injin da gazuwal su tayar, wasu su zuba maganin wanke ciki na gwangwani. A inji mai ɗan datti maganin gwangwani ba laifi. A mai laka irin wannan, yana ɓamɓaro ta gaba ɗaya ta gangara tukunyar mai, ta liƙe rariyar famfo, fitilar mai ta kama a kan hanya, kafin direba ya tsaya metal, wato shimfiɗar da sandar inji ke juyawa a kai, ta tafi. Gazuwal kuma ba shi da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe ko na minti biyar.

Da hannu na kwashe. Na toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta, na ƙirga su don kada a manta ɗaya a ciki, na ɗebe lakar da cokali da katako. Murfin kansa a baho aka wanke shi da kananzir. A jikinsa akwai ƙaramin bawul na numfashin inji, PCV. In ka girgiza mai lafiya za ka ji ƙwas-ƙwas. Wannan shiru ya yi, ya toshe. Idan ya toshe, matsi yana taruwa a cikin inji ya tura mai ta kowane gaskit, shi ya sa za ka canza gaskit yau ka ga yoyo wata mai zuwa. Na sa sabo, da sabon gaskit, da zobban roba huɗu na ramukan buji. Silikon ɗigo kawai a kusurwoyin da gaskit ke hawa baka, ba a shafe shi zagaye ba. Notin murfin da ƙaramin kile ake ɗaure su, a hankali. Ƙarfi yana murƙushe robar ne.

Tukunyar mai ta ƙasa ba ta fita a wannan mota sai an sauke bututun hayaƙi na gaba, domin ƙarƙashinta yake bi. Dalilin da ya sa haɗa ayyukan biyu a rana ɗaya ya fi sauƙi ke nan. Tun daren jiya na jiƙa duk notin hayaƙi da man sassauta tsatsa. Na juye mai da kile 14, na sauke bututun, na kwance tukunyar. Ba ta da gaskit, silikon ne ya riƙe ta, da siririyar wuƙa ake bi a yanka. In ka sa sukudireba ka ɓanƙara, leɓenta ya lanƙwashe, ba za ta sake zama ba. Rariyar famfo rabinta a liƙe take. Na wanke ta har ina hango haske ta kowane ido. Wajen mayarwa, fuskokin biyu a bushe ƙarau, zaren silikon mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ta cikin layin ramukan bolti, a haɗa kafin ya fara bushewa, kuma kada a zuba mai sai ya samu aƙalla awa biyu. Silikon da ya yi yawa ciki yake matsewa, ya gutsure, ya koma rariyar da ka gama wankewa.

Mai 15W-40 na galan rufaffe na zuba, da sabuwar filta da aka shafa wa robarta mai aka ɗaure da hannu. Injin yana cin lita uku da ɗan abu. Sandar awo ce alƙali, ba galan ba. 20W-50 ma yana tafiya da zafinmu a injin da ya fara saki, amma a wanda aka kwashe wa laka na fi son mai ɗan saurin gudu a karon farko.

Hanyar iska ba ta ɗauki lokaci ba. Filtar iska an sha busa ta har takardar ta huje, kuma a garin da ƙura ke rufe rana hujin allura ma ƙofa ce. Sabuwa. Na kwance maƙogwaron totur na wanke shi da feshin karbireta da tsohon buroshin haƙori, har da bawul ɗin ralanti da ke ƙasansa, mai riƙe inji a kunne in ba a taka totur ba, wanda in ya yi datti mota ke mutuwa a mahaɗa. Ƙaramin sukurun da ke tsayar da farantin totur ba a taɓa shi, daga kamfani aka saita shi. Filtar esansi na canza bayan na sauke matsin layin, da tsumma a kan notin da sababbin wasa, wato zobban ƙarƙashin noti, na tagulla. Buji huɗu sababbi, tazarar baki milimita 0.8, soket 16, a fara murɗawa da yatsu har su zauna, sannan a ɗaure 18 Nm. Wanda ba shi da kilen awo, kamar rabin zagaye bayan sabon buji ya zauna ya isa.

Na leƙa ruwan lagireto, ja ne kamar na gulbi da damina, kuma an cire tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan maganin zafi. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, kwamfuta kuma tana ci gaba da ba shi mai irin na injin sanyi. Shan mai ke nan, da tururin da ke taruwa a baƙin mai ya zama laka. Na mayar da mai buɗewa a wajen digiri 82, na ɗauraye layin sau uku har ruwa ya fito fari, na cika da ruwan sanyaya inji na galan. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a bututan lagireto.

Yanzu hayaƙi. Notin kwalekta biyu sun ƙi motsi duk da jiƙon dare. Soket mai kusurwa shida ake sa musu, mai goma sha biyu yana cinye kan noti. Na gasa su da wutar kabayid har suka yi ja, na bari suka ɗan huce, suka zo. Ƙusa ɗaya ta karye daidai fuskar kan inji. Ba a hanzarin kawo diril, domin in ya kauce alminiyom yake ci. Aka ɗora wasa, aka ɗora noti a kanta, aka cika cikinsa da walda. Zafin ya saki tsatsar, notin ya ba da wurin kamawa, ta fito.

Tsagar kwalekta ta kai tsawon yatsa. Ana iya waldar ƙarfen zubi, amma da sharaɗi: a huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, a gasa ƙarfen duka, a yi da sandar nikel, a binne shi a toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Da sandar ƙofa da taga, gefen waldar zai sake tsagewa. Na samo wata ta hannu a wurin masu kayan tsofaffin motoci, na ɗora ƙarfen awo a fuskarta na tabbatar ba ta bauɗe ba, na sa sabon gaskit, na ɗaure daga tsakiya zuwa waje, zagaye uku, kowanne ya fi na baya ƙarfi.

Abin da ya tsaga ta farko yana ƙarƙashi. Injin da ke kwance a gicciye yana rangaji gaba da baya duk lokacin da aka taka ko aka saki totur, don haka dole a bar wa bututun wurin lanƙwasa. Wani ya taɓa yanke wurin ya liƙa sandararren bututu, duk jijjigar ta koma kan kwalekta. Na mayar da saƙaƙƙen bututu mai lanƙwasa, na kuma canza robar mazaunin inji ta baya da ta yage, in ba haka ba sabon ma ba zai kai labari ba.

Katalizo da na buga shi da tafin hannu sai ya yi kacau-kacau. Cikinsa kamar saƙar zuma yake. Esansin nan da ke ƙonewa a ciki ya narkar da gabansa, sauran ya farfashe ya toshe hanya. Nauyin da motar ke yi a 90 daga nan yake, ba daga ƙanƙantar salansa ba. Mutane da yawa fasa cikin suke yi su mayar da gwangwanin wofi. Motar za ta yi gudu, kwamfutar wannan ƙira ma ba za ta sani ba tunda na'urarta ɗaya ce kuma tana gaba, amma gwangwanin wofi yana ƙara kamar garwa, hayaƙin kuma yana yaji a ido. Na sa na hannu mai lafiya, bayan na haska tocila ta gefe ɗaya na ga haske ta ɗayan. A lura, akwai masu sayen matattun katalizo saboda filatinom da faladiyom da rodiyom da ke ciki, don haka tsohon naka kuɗi ne, kada ka bar shi a ƙasan garaji.

Faɗin bututu shi ne inda gardama take. Na auna na motar, milimita 45. Na koma 50, mai kaurin 1.5. Ƙarin milimita biyar ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na faɗin hanya, ya ishi inji 1.6 har ya yi saura. Samari suna son 63, wanda ya kusa ninka na asali. A bututu mai faɗi haka hayaƙi yana rage gudu, ya huce, ya daina jan na bayansa, motar ta rasa ƙarfin tashi daga tsaye, wanda shi ake buƙata a yashin unguwa da cunkoson bakin kasuwa. Ƙarar ce ke sa direba ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru. Bututun ruwa mai farin shafi kuma ban karɓa ba: ya yi nauyi ga robobin rataya, hayaƙin waldarsa kuma yana sa mai walda zazzaɓi.

Lanƙwasa ba tare da inji ba sai an cika bututun da busasshen yashi an daddanna, an toshe bakin biyu, an gasa. Yashi mai laima yana zama tururi ya harbo toshiyar. In an lanƙwasa shi wofi, gwiwar ta matse, 50 ɗinka ta koma ƙasa da 45 ɗin da ka cire. Gwiwoyi biyu masu tsanani, na wajen ƙafar baya, daga tsohuwar salansar wata babbar mota na yanko su, lanƙwasar kamfani.

Na bar tukunyar tsakiya. Ita ke kashe gurnanin da ke cika cikin mota tsakanin juyi 2500 da 3000, daidai inda allura ke zama a doguwar tafiya zuwa Damagaram ko Ƙonni. Ta baya na sa mai bututu miƙaƙƙe mai huji-huji da audugar gilas a kewaye, doguwa, ba guntuwar nan mai kama da gwangwanin madara ba. A ƙasanta na huda rami na milimita 3. Motar cikin gari ba ta yin zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a salansa, kuma daga ciki tsatsa ke cinye ta, ba daga waje ba.

A jikin mota ɗigon walda kawai aka yi don a kama siffa, batir a cire, igiyar ƙasa ta injin walda a maƙale kusa da wurin aiki, farantin ƙarfe tsakanin wuta da tankin esansi, bokitin yashi a gefe. Sannan aka sauke layin duka aka yi waldar zagaye a ƙasa, inda hannu ke kaiwa saman bututu. Waldar da aka yi a kwance ƙarƙashin mota kullum samanta ne ke yoyo. Da kabayid aka yi, domin wutar lantarki tana huda ƙarfe 1.5 in hannu bai ƙware ba. Na bar tazarar yatsu biyu tsakanin bututu da jikin mota, tanki, layin birki da wayar birkin hannu, na mayar da farantan tare zafi duka. Robobin rataya sababbi, ba waya ba. Babu inda layin ya sauko ƙasa da na asali, saboda tudun rage gudu da kwatocin damina. Bakin bututun ya leƙo bayan bamba kaɗan. In ya tsaya a ƙarƙashi, hayaƙi yana komawa ta but zuwa kujerar baya, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari.

Na'urar oksijin sabuwa na sa, tsohuwar ta sha baƙi, wankinta ba ya dawo da ita. Cire batir ya riga ya goge lamba 21. Da aka tayar, sabon bututu ya yi hayaƙin maiƙo na ƴan mintoci, wannan ba komai. Na sake gwajin tsumma, babu inda ya hura. Da injin ya yi zafi na riƙe shi a juyi 2500, na haɗa TE1 da E1, na ɗora mita mai allura a kan ramin VF1 na akwatin gwaji don in ga aikin na'urar oksijin: allurar ta kaɗa sau tara cikin daƙiƙa goma, takwas ake nema.

Bayan kwana uku motar ta dawo na sake bin notin kwalekta da inji a sanyi, biyu sun karɓi ɗan ƙari, kamar yadda sabon gaskit ke yi in ya sha zafi ya huce. A kilomita 800 aka sake bidanji da filta. Man ya fito baƙi ƙirin, ragowar lakar da hannu bai kai ba ce sabon mai ya narkar. Na yanka filtar na buɗe takardarta a rana: baƙin gari ne kawai, babu ƙyallin ƙarfe. Bidanji na gaba na sa shi a kilomita 3000, daga nan a koma 5000.